Tambayoyi da amsoshi kan hanyar Tozo, jigilar kayan yaƙi ta saman duwatsun Himalaya daga 1942 zuwa 1945

Assalamu alaikum jama'a. In dai ana maganar yaƙin duniya na biyu hankalin kowa kan Hitila da Turai yake tafiya, ba kasafai ake tuna abinda ya faru can tsakanin Indiya da Burma da ƙasar Sin ba, balle a tuna da mutanen da aikinsu dako ne zalla, da yawansu ko harsashi ɗaya basu harba ba amma sun mutu da yawa. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kan wannan jigila da kuma amsoshinsu.

Wai mecece hanyar Tozo ɗin nan?

Hanya ce ta sama da jiragen dakon kaya na sojan Amurka suka riƙa bi daga jihar Assam a arewa maso gabashin Indiya zuwa birnin Kunming a kudu maso yammacin Sin, suna tsallake ƙarshen duwatsun Himalaya ta gabas da arewacin Burma, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Matuƙan ne da kansu suka sa mata suna Hump wato Tozo. An fara a watan Afrilu 1942 aka rufe a Nuwamba 1945, wajen shekara uku da rabi kenan, kuma a cikin wannan lokacin an kai kaya wajen tan 650,000. Ba soja kaɗai bane, akwai wani kamfanin jirage mai suna CNAC wanda haɗin gwiwa ne tsakanin gwamnatin Sin da kamfanin Pan Am na Amurka, matuƙansa na cikin waɗanda suka fi kowa sanin hanyar.

Me yasa ba a bi ta ruwa ko ta mota ba, sai an hau sama?

Ai duk ƙofofin an rufe su ne. Japan ta afka wa Sin gadan-gadan tun Yuli 1937, ta kame tashoshin jiragen ruwa ɗaya bayan ɗaya har gwamnatin Chiang Kai-shek ta tattara ta koma can ciki birnin Chongqing. Abinda ya rage musu shine hanyar mota da ake kira hanyar Burma, wadda ta tashi daga garin Lashio zuwa Kunming, kilomita sama da 1,100 a cikin duwatsu, talakawan Sin ne suka sassaƙa ta da hannu suka gama a 1938. Kaya su sauka a tashar ruwa ta Rangoon, jirgin ƙasa ya kai su Lashio, manyan motoci su ƙarasa. To a Maris 1942 Japanawa suka cinye Rangoon, ƙarshen Afrilu suka kama Lashio, shikenan hanya ta yanke. Ita kuma Amurka tsoronta kar Sin ta gaji ta ajiye makami, don in hakan ta faru sojan Japan masu ɗimbin yawa da ke ɗaure a can zasu samu sararin komawa wasu fagagen. Shi yasa shugaba Roosevelt ya dage lallai sai an ci gaba da kai kaya ko ta halin ƙaƙa, kuma sama kaɗai ta rage.

Nisan nawa ne, kuma me ya sa ake cewa tana cikin hanyoyin sama mafi haɗari?

Nisan fa ba wani abin a zo a gani bane, kusan kilomita 800 ne, kamar dai daga Kano zuwa Legas a jirgi. Abinda ke tsakanin ne matsalar.

Filayen tashi irin su Chabua da Dinjan da Mohanbari da Sookerating da Jorhat duk suna cikin kwarin kogin Brahmaputra ne, ƙasa-ƙasa, cikin gonakin ganyen shayi, ga zafi ga danshi. Jirgi ya tashi cike maƙil da kaya dole ya yi ta kewaye yana hawa sama kafin ya tunkari duwatsun Patkai, ya tsallake su ya faɗa saman dajin Burma, sai wasu duwatsun, sai kwarin kogin Irrawaddy, sai na Salween, sai na Mekong, kuma tsakanin Salween da Mekong akwai tsaunukan da suka kai mita 4,500 har suka ɗara. Don mutum ya samu natsuwa sai ya tashi mita 5,000 zuwa 6,000, jiragen kuwa ba irin na yanzu bane da ake daidaita iskar ciki, dole kowa ya ɗaura abin shaƙar iska a fuska, ga sanyi mai sa yatsu su sandare, mutumin da ya baro Assam rigarsa jiƙe sharkaf da gumi bayan awa ɗaya gumin nan ya koma masa sanyi yana karkarwa.

Sai yanayi, wanda shine babban makashin. A daidai wurin nan iska mai ɗumi da danshi da ke tasowa daga tekun Bengal take karo da busasshiyar iska mai sanyi da ke gangarowa daga Tibet da Siberiya. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce irin tasu ta monsun, hadari ya haɗu ya miƙe sama fiye da inda jirgi zai iya kaiwa, ba a bi ta samansa ba a bi ta ƙasansa don ƙasan dutse ne, dole a ratsa ta ciki. A ciki iska zata ɗaga jirgi sama da ƙarfin tsiya ta kuma jefo shi ƙasa, igiyoyin da aka ɗaure kaya su tsinke, duro-duron mai su fara birgima a bayan matuƙi. Ƙanƙara ta daskare a fukafukai jirgi ya yi nauyi ya daina ɗaguwa, ta toshe kafireto inji ya mutu. Iskar gefe kan wuce kilomita 150 a awa, ta ture jirgi daga kan layi ba tare da matuƙi ya sani ba, taswirorin ma ba daidai suke ba, allurar rediyon da ke nuna hanya kuma in ana walƙiya sai ta rikice ta riƙa nuna hadarin maimakon tashar. Da yawa ba dutse suka daka ba, ɓata suka yi suna ta yawo a cikin gajimare har mai ya ƙare.

Wane irin jirage aka yi amfani da su?

Da farko C-47 ne, wanda Ingilishi ke kira Dakota, jirgi mai aminci sosai amma ɗan ƙarami ne, tan biyu zuwa uku yake ɗauka kuma baya son hawa can ƙololuwa da kaya. Sai aka kawo C-46 a 1943, ya fi girma ya fi hawa sama, amma an turo shi fagen aiki tun ba a gama gwada shi ba, mai na yoyo a cikin fiffike tururin ya taru, wasu haka nan suka kama da wuta a sama, har matuƙa suka riƙa kiransa akwatin gawa mai tashi. Sai da aka yi masa gyare-gyare masu yawa kafin ya zauna daidai, daga baya kuma shi ya fi kowa aiki a hanyar. Akwai C-87 da tankar mai C-109 waɗanda asalinsu jirgin jefa bam ne B-24 aka juya su, basa jure ƙanƙara ko kaɗan. Wanda kowa ya yaba shine C-54 mai inji huɗu, sai dai bai iso da yawa ba sai ƙarshen 1944.

Me suke ɗauka haka?

Mai ne kan gaba, man jirgi a duro mai cin lita wajen 200, sai bama-bamai da harsasai da kayan gyara da magunguna, har motocin jif, manyan motoci kuma a yanka su gida-gida a loda in an isa a haɗa da walda. Sawun farko ma a Afrilu 1942 mai aka kai. Kaso mai tsoka na tafiya ne ga rundunar saman Amurka ta Janar Claire Chennault da ke cikin Sin, don duk ɗigon man da jiragensa suka sha ta sama ya zo. A dawowa kuma ba a dawowa wayam, ana ɗauko kuza da wasu ma'adanai, da sojojin Sin dubbai da aka kawo sansanin Ramgarh a Indiya don horo.

Kar a manta shi kansa jirgin dakon mai yake sha zuwa da dawowa, wannan lissafin ne ya karya shirin da aka yi a 1944 na kai wa Japan hari da manyan jiragen jefa bam B-29 daga birnin Chengdu na Sin, sai an yi sawu da yawa na dakon mai kafin jirgi ɗaya ya iya fita hari sau ɗaya, ƙarshe aka haƙura aka mayar da su tsibiran Mariana a tekun Pasifik.

Japanawa basa harbo su ne?

Suna yi, musamman a 1943, tunda jiragen dako basu da bindiga. Japan ta riƙe filin jirgin Myitkyina a arewacin Burma tun Mayu 1942, wannan ne ya tilasta wa matuƙa karkata arewa inda duwatsun suka fi tsawo don su kauce wa jiragen yaƙinta. Kaga kenan ko basu harba ba sun yi ɓarna, tunda su suka tura mutane cikin mummunar hanyar. A ranar 17 ga Mayu 1944 sojan Amurka da na Sin suka ƙwace filin, garin kuma ya faɗi a Agusta, daga nan aka samu damar bin hanyar kudu mai sauƙin duwatsu. Amma in aka haɗa lissafi waɗanda aka harbo kaɗan ne a kan waɗanda yanayi da lalacewar inji suka ci.

Mutum nawa aka rasa, kuma laifin wa?

Adadin da aka fi ambata shine jirage 594 da suka faɗi ko suka ɓace ko suka lalace, da mutum 1,659 da suka mutu ko ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Tarkacen jirage ya yi yawa a kan duwatsun har matuƙa ke cewa in gari ya waye tangaran zaka iya bin ƙyallin alminiyom ya kai ka Kunming.

Maganar laifi kuma, ni dai a ganina ba a yi wa mutanen nan adalci ba in aka ɗora komai a kan yanayi. Yanayi ba wanda ya isa ya canza shi, amma gaggawa ta mutane ce. A Mayu 1943 a taron da aka yi a Washington, Roosevelt ya yi alƙawarin za a kai tan 10,000 a wata, alhali filayen ba a gama su ba, kayan gyara babu, kanikawa basu isa ba. Aka turo yara matasa da suka fito daga makarantar tuƙi jiya-jiya, wasu basu ƙware da jirgi mai inji biyu ba, basu saba tuƙi cikin gajimare da na'ura kaɗai ba. Kanar Thomas Hardin da aka ba riƙon aikin ya ce daga yanzu dare da rana za a tashi kuma ba a fasa tafiya saboda hadari. An cimma adadin kam a Disamba 1943 har aka wuce, amma daga Yuni zuwa Disambar nan manyan haɗura sun haura 100, mutum 168 suka mutu. Wanda ke ofis tan yake gani a takarda, wanda ke cikin jirgi shi ya san abinda tan ɗin ya ci.

Akwai kuma dokar komawa gida, in matuƙi ya cika awa 650 yana tashi za a sallame shi, to kowa na son ya ga iyalinsa, sai suka riƙa haɗa sawu kan sawu ba barci ba hutu don su cika da wuri, gajiya kuwa a wannan hanyar ajali ce.

In jirgi ya samu matsala mutane suka diro da lema, ya suke ƙarewa?

Ya danganta da inda mutum ya faɗa. Ƙasa daji ne mai duhu, ga matsattsaku masu shan jini ga zazzaɓin sauro ga koguna, wani wajen kuma sintirin Japanawa. Da yawa suna ɗauke da wani ƙyalle a jikin rigarsu mai tutar Sin da rubutun Sinanci da ke cewa wannan baƙon ya zo taimakonmu ne a taimake shi. Waɗanda suka tsira akasari mutanen duwatsun ne suka cece su, ƙabilun Naga da Kachin da sauransu, su ba su abinci su ɗauki mai karaya a kafaɗa su raka su kwana da kwanaki, kuma suna yi ne da sanin in Japanawa suka gane ƙauyensu zai ɗanɗana kuɗarsa.

A Agusta 1943 wani C-46 ya samu matsalar inji, mutum kusan 20 suka diro a ƙasar Naga, cikinsu har da ɗan jaridar gidan rediyon CBS na Amurka Eric Sevareid. Aka gano inda suke ta sama aka riƙa jefo musu abinci, wani likitan soja Don Flickinger ya diro musu da lema don ya duba masu rauni, sai bayan kusan wata guda suka fito da ƙafa. Bayan wannan ne aka kafa rundunar ceto ta sosai ƙarƙashin Kyaftin John Porter, shi ma a bakin aikin aka harbo jirginsa ya mutu a Disamba 1943.

Ance wani Janar Tunner ne ya gyara abin, me ya yi?

William Tunner ya karɓi ragama a Satumba 1944, kuma abinda ya yi ba wani siddabaru bane, tsari ne. Ya ce duk haɗarin da ya faru sai an bi diddiginsa an san dalili. Ya kawo gyaran jirage a layi, jirgi ya shiga tasha ta farko a wanke shi, ta biyu a duba inji, ta gaba a duba waya da rediyo, haka har ya fito, kowane bakanike da abinda ya ƙware a kai. Ya canza dokar komawa gida ta zama sai mutum ya yi shekara guda kuma ya cika awa 750, don haka haɗa sawu ba zai amfane ka ba. Ya matsa kan tsafta da abinci da fareti har da aske gemu, sojoji suka ji haushinsa sosai. Gaskiya ya ci sa'a, ya zo an riga an kama Myitkyina kuma C-54 sun fara isowa, kuma ko a zamaninsa guguwar 6 zuwa 7 ga Janairu 1945 ta ci jirage da dama a dare ɗaya. Duk da haka kaya sun ƙaru haɗari kuma ya ragu ƙwarai, a Yuli 1945 kaɗai an kai tan 71,000 da ɗoriya. Wannan ne ke nuna min cewa da yawa daga mutuwar 1943 da an iya kauce mata. Shi dai wannan Tunner ɗin aka kira ya jagoranci jigilar Berlin a 1948 lokacin da Rasha ta toshe hanyoyin birnin, da darasin Tozo ya yi aiki.

Su wa suka yi aikin ƙasa?

Waɗannan su ne ba a cika ambata ba. Kafin duro ɗaya ya hau jirgi sai ya keto teku zuwa Karachi ko Kalkata, ya hau jirgin ƙasa, a sauke a sake lodawa don faɗin layin dogon ya bambanta, a tsallaka da shi Brahmaputra a kan fito. Filayen Assam leburorin gonakin shayi ne suka gina su, maza da mata, suna fasa dutse da guduma suna ɗauka a kwando a ka cikin ruwan sama. A wasu filayen har giwaye aka koya wa ɗaga duro da hanci su miƙa a ƙofar jirgi. A ɓangaren Sin manoma dubban ɗaruruwa ne suka shimfiɗa filayen Chengdu, mutum sama da ɗari su ɗaura igiya su ja ƙaton dutsen daddaɓe ƙasa. Kuma a 1943 ɗin da kayan nan ke ratsa Kalkata yunwa na kashe miliyoyin mutane a yankin Bengal.

Akwai wata alaƙa da ƙasarmu?

Akwai, ta fuska biyu. Na farko jirage da yawa da suka tafi Indiya ta kanmu suka bi. Daga Amurka su sauka Natal a Barazil, su tsallaka tekun Atlantika ta tsibirin Ascension zuwa Akara, daga nan Kano, Maiduguri, Hartum, Aden, har Karachi. Dama tun 1940 Ingila ke haɗa jirage a Takoradi tana turawa Masar ta wannan layin, don haka filin jirgin Kano da na Maiduguri sun ga zirga-zirga sosai a lokacin.

Na biyu kakanninmu da suka je yaƙin Burma a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce yaren bariki a wajen da yawansu. A fahimta, su ba ta Tozo aka yi musu jigila ba, can kudu suke a yankin Arakan, amma runduna ta 81 a kwarin Kaladan a 1944 kusan komai nata ta sama ake jefo mata, shinkafa da harsashi da magani su sauko da lema, sojoji masu dako su ɗauka a ka su ratsa daji inda mota bata shiga. Bataliyoyi uku na Najeriya kuma sun yi yaƙi tare da 'yan Chindit, wata runduna ta musamman ta Ingila, a bayan layin Japanawa. Shi yasa har yau kake jin barikin Chindit a Zariya da Kalapanzin a Kaduna da Myohaung da Arakan a Legas.

Ba a yi ƙoƙarin sake buɗe hanyar mota ba?

An yi. Janar Joseph Stilwell na Amurka ya dage aka fara hanyar Ledo daga Assam a Disamba 1942 don ta haɗe da tsohuwar hanyar Burma, mafi yawan injiniyoyin sojan Amurka da suka yi aikin baƙaƙen fata ne. Ayarin motoci na farko ya isa Kunming a Fabrairu 1945, amma kafin nan sama ta riga ta yi nisa, abinda motoci ke kaiwa a wata bai kama ƙafar na jirage ba.

To kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa?

Masana sun rabu. Masu suka na cewa gwamnatin Chiang cike take da cin hanci, wasu kayan a kasuwar bayan fage suka ƙare, wasu aka ɓoye don yaƙin da za a yi da 'yan gurguzun Mao daga baya, kuma a 1944 Japan ta kai babban farmaki ta ƙwace filayen Chennault na gabashin Sin waɗanda aka sha wahalar ciyarwa. Duk wannan gaskiya ne. Amma Sin bata miƙa wuya ba har Japan ta sallama a Agusta 1945, sojan Japan kusan miliyan guda suka ci gaba da zama ɗaure a can, kuma sojojin Sin da aka horar a Ramgarh sun taka rawa sosai wajen ƙwato arewacin Burma. Ni na fi karkata ga cewa jigilar ta zama dole, abinda ban yarda da shi ba shine yadda aka yi ta a 1943.

Yanzu me ya rage a wajen?

Har yau mafarauta da mutanen ƙauye a jihar Arunachal Pradesh ta Indiya na cin karo da tarkacen jirage a kan duwatsu, inji ko fiffike ko kwalbar iska. Amurka na ƙiyasin sojojinta wajen 400 ne har yanzu ba a gano ba a Indiya, akasarinsu a wannan yankin, kuma lokaci-lokaci tana tura tawaga su hau su tono, in an samu ƙashi a yi gwajin ƙwayar halitta a kai wa dangi su binne. A Nuwamba 2023 an buɗe gidan tarihi na hanyar Tozo a garin Pasighat, inda aka tara tarkacen da aka sauko da su da hotuna da wasiƙun matuƙan.